Dawakin jikin ƙofa da dawakin da ke isa ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin cinikin manyan motoci a Maraɗi ya san inda hannun dillali yake fara sauka. Kafin a ɗaga kan mota a ga inji, kafin a leƙa ƙarƙashi a ga ko baƙin mai na ɗiga, sai ya dafa ƙofar direba, daidai inda aka manna lamba mai ƙyalli, ya ce, "Alhaji, duba da idonka, ɗari huɗu da talatin ce, ba irin ta su wane ba." Lambar kuwa tana da ma'ana. DAF mai ɗauke da 95.430 injinta doki 430 ne, Mercedes Actros 1844 tan 18 ce da doki wajen 440, Howo 371 ta ƙasar Sin ma lissafin ke nan. Daga wannan lamba ake fara yanka farashi, kuma a kanta mai saye, wanda wataƙila sai da ya kaɗa garke guda kasuwa kafin kuɗin su haɗu, yake ɗora begensa cewa motar za ta kwaso wake da gero daga kasuwannin ƙasar Mayahi da Tasawa, ta kai Maraɗi ko Dawanau ta Kano ba tare da ta ba shi kunya ba. A ganina an ɗora wa lambar nan kayan da ya fi ƙarfinta. Shaida ce ta ranar da aka haifi injin, a wata ƙasa, cikin wani yanayi, kuma ba ta san komai ba game da nauyin da za a lafta masa ko ƙasar da tayoyinsa za su taka. Wanda zai saka dukiyarsa a gingimari ya kamata ya nemi shaidar hanya, da kaya a bayanta da agogo a hannu, ya mayar da lambar ƙofa matsayinta na farkon magana.

Shi kansa dokin da ake ƙirgawa yana da tarihin da ya kamata a sani. A ƙarshen ƙarni na 18 James Watt, mutumin Sikotlan mai ƙera injin tururi, ya so ya sayar da injinsa ga mutanen da duk aikinsu da dawaki suke yi, don haka ya lissafa abin da doki ɗaya zai iya ja a minti guda, ya riƙa ce wa masu saye injin nan zai tsaya maka a madadin dawaki kaza. Wato tun ranar suna, mai sayarwa ne ya raɗa wa ma'aunin nan suna. Dokin da Faransa da Jamus suke aiki da shi shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75, kamar buhun gero da aka rage masa rubu'i, sama da mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, wato wat 736. Na Ingila da Amurka wat 746 ne, saboda haka doki 400 na Faransa ba su wuce 395 ba in sun tsallaka Ingila. Akwai kuma doki na uku da ke rikita mutane a Nijar, wanda ke rubuce a takardar mota da ake kira kart giriz. Wannan lamba ce ta haraji, hukuma ke lissafa ta don sanin abin da mai mota zai biya, ba wanda ya taɓa ɗaure injin ya auna ta.

Na'urar da ake auna ƙarfin inji da ita, daino, tsohuwa ce. Injiniyan Faransa Gaspard de Prony ya fito da irinta ta farko a 1821: a matse sandar da inji ke juyawa da birki, a auna ƙarfin murɗarta, a haɗa da yawan juyinta a minti, sai a sami dawakin. Har yau asalin aikin bai sauya ba. Kamfani yana ɗora sabon inji shi kaɗai a kan benci, cikin ɗaki mai tsabta, da gas mai kyau, sannan ya gyara sakamakon ya dace da yanayin da aka amince a kai, wanda a yawancin ƙa'idojin yau zafin digiri 25 ne da iska irin ta kusa da bakin teku. Kuma ƙa'idar kanta tana motsi. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna inji tsirara, ba matatar iska, ba cikakken salansa, ba fanka ko janareton da zai ci daga ƙarfinsa. Da aka koma auna shi da kayansa duka, sai lambobin motoci suka zube a shekara guda, wasu da dawaki masu yawa, har da injinan da ba a taɓa musu ko kusa ɗaya ba. Sai kuma ɗaya nau'in dainon, wanda ake hawar da mota gaba ɗayanta a kan manyan gangunan ƙarfe tana gudu a tsaye. Shi abin da ya iso taya yake gani, bayan giya da sandar da ke kai juyi baya da aksil sun ci rabonsu, rabon da makanikai kan ƙiyasta tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. A can ƙasashen da na'urar ta yawaita kowa ya san mota ɗaya za ta ba da lamba biyu in aka kai ta gareji biyu a wuni ɗaya. Ɗan kasuwar hatsi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Tiya ce. Buhu tiya 40 ne a baki, amma ta wata kasuwa ta fi ta wata ciki, kuma hannun mai awo ma yana da nasa.

To ina injin da ke gaban dillalin Maraɗi daga wancan benci? Yawancin motocin nan sun gama aikinsu a Turai kafin a loda su jirgi, suka sauka Kwatano, ko Lome tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, da dubban ɗaruruwan kilomita a wuyansu, in ma agogon bai sha gyara a hanya ba. Nozul sun ci, zoben fistin ya saki, turbo ya fara wasa. Sannan ga yanayinmu. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin ƙasar Maraɗi yana wuce digiri 40, kuma iskar digiri 42 ta fi ta digiri 25 sakayau da kusan kashi 5 cikin ɗari, ga ƙasar tana bisa teku da mita ɗari uku da wani abu, wanda shi ma ragi ne. Inji da iska yake ƙona mai, in iskar ta yi ƙaranci ƙarfi ya ragu. Mai turbo yana cike wani ɓangare na giɓin, marar turbo kuwa haka nan yake haɗiye asarar. Hunturu ya zo da ƙurarsa ta toshe matatar iska, karen mota ya ciro ta ya buga a jikin taya ya mayar. Gas ɗin ma wani na gidan mai ne daga matatar SORAZ ta Damagaram, wani na jarka ne a bakin hanya wanda Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya masa. Duk wannan bai goge ko harafi ɗaya daga lambar ƙofa ba, tana nan tana ƙyalli kamar ranar da aka manna ta.

Wannan gardama ta takarda da hanya an daɗe ana yin ta a inda ba a zata ba, wato tsakanin masu tseren akori-kura a Amurka. Can akwai mutanen da ke sayen manyan akori-kura masu injin gas, Ram mai injin Cummins ko Ford mai Power Stroke ko Chevrolet mai Duramax, su ƙara musu wuta, su hau daino su karɓo takarda, sannan su tafi filin tsere, miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, mita 402, inda na'ura ke ba kowa ƴar takarda mai ɗauke da daƙiƙun da ya ci da gudun da ya tsallake layin ƙarshe da shi. Wasa ne na masu abin hannu, ba ruwansa da jigilar wake, amma da yake masu tseren motoci a can sun shekara fiye da sittin suna tara waɗannan takardu biyu suna gwada su, sun fitar da lissafin da ke da amfani gare mu. Tun shekarun 1950 wani mai suna Roger Huntington ya lura cewa nauyin mota da ƙarfinta tare suke yanke lokacin, daga baya Patrick Hale ya gyara lissafin zuwa yadda ake aiki da shi yau. Abin da ya nuna shi ne, in ka ninka dawaki biyu lokacin ba ya rabewa biyu, kashi 21 cikin ɗari kawai yake raguwa, sai ka ninka su takwas kafin ya rabe. Ɗauki akori-kura mai nauyin tan 3 da doki 400: lissafin ya ba ta daƙiƙa 14.8. Ƙara mata doki 40, ta koma 14.4. Yanzu jefa mata buhu uku na gero a baya, kilo 300, sai ta dawo 14.8 ɗinta, buhu uku sun cinye doki 40. Sun kuma gano cewa lambobi biyun da ke ƴar takardar ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Gudun ƙarshe shi ke fallasa ainihin ƙarfin injin, daƙiƙun kuwa sun fi nuna yadda taya ta kama ƙasa a mita 18 na farko. Shi ya sa mai takardar daino mai doki 700 yakan sha kashi hannun mai 550, domin nasa tayoyin suna ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi ɗan'uwansa ya yi nisa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Nauyi da kamun ƙasa, su ne abubuwa biyun da ke yanke hukunci a filin tsere, kuma su ɗin ne dai a hanyoyinmu, sai dai a nan kuskure ya fi tsada. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade wa tirela mai layin taya shida tan 51 gaba ɗaya, mota da kayanta. A kan wannan nauyi, inji mai doki 430 yana ba kowane tan doki 8 da ɗoriya. A ce an lafta mata har ta kai tan 75, abin da duk mai bin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ya san ba tatsuniya ba ne, to kowane tan bai samu doki 6 cikakku ba. Lissafin hawa ya fi fito da abin fili. Hanyar da ke ɗagawa mita 3 a kowace mita 100, hawan da mai babur ba zai ma kula da shi ba, tana neman doki wajen 280 a taya kafin tan 51 su haye ta da gudun kilomita 40 a awa. Tan 75 kuwa fiye da 400 suke nema, alhali injin 430, ko da sabo ne fil, abin da yake kaiwa taya bai kai haka ba. Direba zai yi ta sauko da giya, allurar zafi na hawa, yaran mota sun diro suna bin ta da waigi a hannu. Mai motar da ya ga haka yakan ce an cuce shi a inji, gobe ya nemi mai 480. Ƙarin doki 50 kashi 12 ne cikin ɗari, lodin da ya ƙara kuwa ya kusa kashi 50, kuma kwaltar da ke ƙarƙashinsa tana biyan nata kason: gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ninka nauyin da ke kan layin taya biyu yana ninka ɓarnar hanya wajen sau 16.

Amma inda lambar ƙofa take rasa bakin magana gaba ɗaya shi ne inda kwalta ta ƙare. Ƙasar Mayahi jigawa ce, kuma hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Gidan Amumune da maƙwabtansu, ko masu gangarawa Gulbin Kaba, rairayi ne mai laushi wanda amalanken shanu suka tone shi gida biyu. Jan taya a cikin irin wannan rairayi ya fi jan ta a kwalta wuya fiye da ninki 20. Kan tirelar Turai mai layin taya ɗaya tak da ke turawa, da tayoyi masu tauri da aka cika da iska don titin Holan, in ya shiga nan da kaya, duk taka totur da direba zai yi ƙara tona wa kansa kabari yake yi. Tayoyin baya su yi ta feshin ƙasa har aksil ya zauna daram, a kashe inji, a fito da shebur. Yaran mota su rage wa tayoyi iska har su baje kamar tafin raƙumi, a haƙa gabansu, a shimfiɗa faranti na ƙarfe ko kara da ƙirare, a tashi da giya mafi ƙasa a hankali kamar mai tallabe da ƙwai, a ci mita goma, a kwaso farantan a sake shimfiɗawa. A duk wannan aiki doki 60 ma sun isa, sauran 370 ɗin ƴan kallo ne. Tarihin ƙasar nan ma ya shaida haka. Tsakanin Nuwamba 1959 da Janairu 1960 kamfanin Berliet ya ratsa Tenere da motoci tara ƙirar Gazelle, daga Janet ta Aljeriya har Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ya komo, kuma kowace injinta doki 125 ne kacal, sai dai duk tayoyinta shida suna ja. Land Cruiser mai injin 1HZ, wadda ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji suke shiga daji da ita, dawakinta wajen 130 ne, ƙasa da na ƙananan motoci da yawa da ke yawo a Yamai, waɗanda ba za su yi kilomita ɗaya a waccan hanya ba.

Mai ilimin injiniya zai ce, kuma da gaskiyarsa, ai don gudun rikicin hanya aka ƙirƙiro benci. Hanya ba ta maimaita kanta: yau iska na gaba gobe tana baya, wannan direba ya iya canjin giya wancan bai iya ba, kwaltar safe daban da ta azahar. Awon da ba a iya maimaitawa kuwa ba awo ba ne. Na yarda da rabin wannan magana. In makaniki yana so ya san ko gyaran da ya yi wa famfon mai ya ƙara wani abu, ba abin da ya kai ya hau daino ɗaya kafin gyara da bayansa, a rana ɗaya. Amma tsabtar benci ita ce kuma rauninsa, domin jarrabawar da aka san tambayoyinta ana iya haddace amsarta. A watan Oktoba 1998 hukumomin Amurka suka ci kamfanoni bakwai masu ƙera injinan manyan motoci tarar dala miliyan 83.4, cikinsu har da Caterpillar da Cummins da Mack da Volvo da Renault, sunayen da muke gani kullum a hanyoyinmu, saboda na'urar da ke sarrafa injinansu tana nuna hali ɗaya a ɗakin gwaji, ta sauya wani in mota ta miƙe a babbar hanya. A Satumba 2015 aka kama Volkswagen da irin wannan a motoci wajen miliyan 11 a duniya: motar tana gane cewa a kan gangunan gwaji take sai ta natsu, in ta fita titi hayaƙinta mai guba ya kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Waɗanda suka tona asirin ƴan jami'ar West Virginia ne da suka ɗaura na'ura a bayan mota suka bi hanya da ita. Gaskiya ne waɗannan shari'u kan hayaƙi aka yi su, ba kan dawaki ba, amma abin da suka tabbatar ya shafi duka biyun: in benci da hanya suka saɓa, hanya ake komawa a tambaya.

Kuma ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Manoman jihar Nebraska sun warware wannan tun fiye da shekara ɗari. Wani manomi, Wilmot Crozier, ya sayi tarakta mai sunan Ford, wadda ashe ba ta da alaƙa da Henry Ford, ta kasa jan garmar da aka ce za ta ja. Da ya shiga majalisar jiha sai ya tsaya har aka yi doka a 1919 cewa ba za a sayar da wani samfurin tarakta a jihar ba sai jami'ar jihar ta gwada shi ta buga sakamakon kowa ya gani. Ta farko da ta ci jarrabawar a 1920 ita ce Waterloo Boy, kuma lambarta biyu ce, 12-25: doki 25 a bel, inda inji ke juya na'ura a tsaye, doki 12 a ƙugiyar baya, inda ake jan kaya a ƙasa. Manomi ya san wadda ta shafe shi ranar huɗa. Wurin gwajin yana nan yana aiki a Lincoln har yau. Abin da ya kamata a ɗauka daga gare su shi ne lamba ta biyun nan, da kuma cewa wanda ba shi da riba a cinikin shi ke fitar da ita.

Wani zai ce wannan duk zancen ƙasashen da suka ƙoshi ne, mu ina muka ga jami'ar gwada motoci ko filin tsere? Ba ma buƙatarsu. Akwai sikelin auna manyan motoci a manyan hanyoyinmu, akwai duwatsun kilomita a gefen kwalta, kuma babu direban da ba shi da agogo a wayarsa. A loda mota da nauyin da aka sani, a kan doka, a zaɓi shimfiɗaɗɗen wuri tsakanin duwatsu biyu inda ba gari ba kasuwa, a sa ta a giya ɗaya, a ƙirga daƙiƙun da za ta ci daga gudun kilomita 30 zuwa 60. A yi zuwa a yi dawowa don a kashe tasirin iska da gangara, a yi sau biyu ko uku, direba ɗaya. Wannan ya amsa yawancin ƙorafin injiniya, domin giya ɗaya ta cire gwanintar hannu, zuwa da dawowa sun cire iska. Sannan a cika tanki a Maraɗi, a je Tasawa a dawo, tafiyar da ta haura kilomita 200, a sake cikawa a ga lita nawa ta sha, ana duban allurar zafi da launin hayaƙi a hanya. Motar da za ta yi aikin daji kuwa a sauke ta daga kwalta a ga halinta a rairayi kafin a biya, ba bayan an biya ba. Kada kuma a fahimci wannan a matsayin kiran a mayar da babbar hanya filin sukuwa. Gudun 60 bai kai abin da motocin nan suke yi kullum ba, kuma su kansu Amurkawan, ƙungiyarsu ta NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 don ta kwashe matasa daga tsere a titunan gari aka yi ta.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi, wato mai sayarwa ba zai yarda ba. Mota ba a gama cinikinta ba, wa zai bari a loda mata tan 30 a tafi Tasawa da ita, in wani abu ya karye wa zai biya? Tambaya ce ta gaskiya, amma ba sabuwa ba ce a kasuwancinmu. Ba a taɓa sayen doki na gaske da jin kirarinsa ba: ana buɗe bakinsa a duba haƙora, a ɗaga kofato, a hau a zagaya. Sa na huɗa ma ana kama shi a ja a ga tafiyarsa. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu suke karantarwa a zaure ya san ciniki bisa zaɓi, inda mai saye ke da wa'adin gwada abin kafin ciniki ya tabbata, kuma Muhtasar na Halil ya ba dabba wajen kwana uku. Abin mamaki ne a ce mutumin da ba zai sayi jaki bai ga tafiyarsa ba, shi ne zai zuba miliyoyin sefa a cinikin biri a sama don an nuna masa lamba. Batun wa zai biya gas da wa zai ɗauki asara abu ne da ake yankewa kafin a tashi, a gaban shaidu, kamar kowane sharaɗi. Mai mota mai lafiya ma riba zai ci, domin yau ana saye masa ita da farashi ɗaya da gajiyayyiya mai lamba irin tata. Wanda gwajin zai ɓata wa ciniki shi ne wanda ya san abin da ke cikin injinsa.

Ban ce a kankare lambar daga ƙofa ba. Tana gaya wa makaniki irin nozul da turbo da zai nema, tana gaya wa mai saye abin da injin ya taɓa iyawa, wanda shi ne ma'aunin da za a gane yawan abin da ya zube. Haɗarinta yana farawa ne lokacin da aka mayar da ita buri. Mai mota ya ji motarsa ba ta ja kamar yadda 430 ta alkawarta, sai ya kai ta gareji ya ce a buɗe mata famfo. Makaniki ya ƙara mai, motar ta fito tana ruri tana tuttula baƙin hayaƙi, direba ya ji kujera ta ture shi ya ce yanzu ta dawo. Baƙin hayaƙin nan gas ne da aka saya bai ƙone ba, domin an ƙara mai ba a ƙara iska ba, kuma zafin da yake tarawa a kan fistin da turbo yana jiran ranar da za a hau tudu da lodi a tsakiyar bazara. Da an riƙe agogo tsakanin duwatsu biyu kafin gyaran da bayansa, aka kuma ƙirga litocin, da mai motar ya ga abin da ya saya da abin da ya biya. Wannan aiki ne da ƙungiyoyin masu motocin sufuri na Maraɗi da Tasawa da Mayahi za su iya ɗauka ba tare da jiran gwamnati ba: su amince da wuri ɗaya na gwaji, su naɗa dattijan direbobi biyu ko uku da aka yarda da amanarsu, su buga ƴar takarda mai gurbin kwanan wata, lambar mota, nauyin da sikeli ya nuna, daƙiƙun zuwa da na dawowa, da litocin Maraɗi zuwa Tasawa. Mai saye daga Gidan Amumune ya ƙara gurbi ɗaya a ƙasa, na sau nawa aka fito da shebur.